Namijin Tumbin Jaki

An cike kududdufin bayan gidanmu. Tun farkon bazara tifofi suke zuwa suna juye jar ƙasa da ɓaraguzan tsohon gini, yanzu har an ɗora bulo, an ce shaguna za a yi. Ban ce an yi laifi ba. Sauro ya ci mu shekara da shekaru, kuma ruwan nan ya haɗiye 'ya'yan mutane ba ɗaya ba ba biyu ba. Kunnena ne dai ya ƙi sabawa. Da can, in damina ta zauna, tun kafin a kira magariba kwaɗi ke soma nasu, wani ya ɗauka daga nan wani ya amsa daga wajen ganuwa, ga luguden mata a cikin gidaje, ga muryar masu ɗaukar karatu a zaure. Yanzu daga babur sai janareta. Abin da ya rage na kududdufin ɗan zirin laka ne a gindin katangarmu, inda ruwan indararo ke sauka, kuma a nan na ga wata ciyawa da na sani ranar nan, ta yi kai ta sunkuya, 'ya'yanta jere layi biyu kamar da hannu aka shirya su. Jikata mai karatu a jami'a tana tare da ni. Da ta ga na ƙura wa ciyawa ido, sai ta saita wayarta a kai, kafin in gyara tsayuwa har waya ta kawo suna da Latin, da dangi, da ƙasashen da take fitowa. Yarinya sai murna take yi. Ni kuwa ban taya ta murnar ba, don na san irin wannan tabbacin. Na taɓa yin sa da bakina, saura ƙiris ya kashe mini 'ya.

Sunan ciyawar tumbin jaki. Yaran yanzu komai kore da ya fito ƙasa ciyawa ne kawai a wurinsu, abin da za a fesa wa magani a huta. Mu kuwa a zamaninmu kowace da sunanta da aikinta. Gamba ta zana ce, kyasuwa ta tumaki, harƙiya ta doki, jema ana haƙo saiwarta a jefa a randa don ƙanshi, tofa kuma in ka taka tsironta ba takalmi ba sai an gaya maka sunanta ba. Duk wannan a bakin Gwaggo na ji shi, yayar mahaifina, wadda ta dawo gida da zama bayan mijinta ya rasu. Doguwa ce, busasshiya, ba ta iya karanta ko alif ba, amma in ka kawo mata dami ta rufe ido ta shafa, za ta gaya maka daga wace fadama aka yanko shi. Tumbin jaki ba ta cikin waɗanda ake yabo. Gwaggo takan ce wannan abincin tsuntsu ne, sai shekarar da Allah ya jarrabi bayinsa mutum yake tunawa da ita, kuma a wurin mahaifiyarsu ta koyi yadda ake cin ta, don ita ta ga yunwa da idonta.

Gidanmu gidan malamai ne, nan kusa da Ƙofar Kuyambana. Mahaifina, wanda kowa har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, mutum ne da ko takardar ƙunshin goro ya gani a ƙasa da rubutu a jiki sai ya ɗauka ya saƙale a bango. Ni ne na fara fita daga gidan zuwa boko, na kuma sami aiki a wani ofishin binciken gona can bayan gari. Da an idar da asuba nake hawa keke, ban taɓa jiran kunun gida ba. Aikina a ɗakin ajiyar tsirrai yake, ɗaki mai sanyi mai warin kafur. A kawo ciyawa daga daji, in shimfiɗa ta tsakanin tsofaffin jaridu, in danne da katako har ta bushe, in liƙa a farar takarda, in rubuta suna a ƙasa. A nan na koyi cewa dawa da gero da shinkafa da rake, har da gorar da ake jinka da ita, duk gida ɗaya suke da kyasuwar bakin hanya. A ƙarƙashin wannan babban gida akwai zuriya-zuriya, kowace zuriya da 'ya'yanta. Kuma ba da amfani ake raba su ba, ba da ƙanshi ba, sai da siffar fure da ƙwaya a ƙarƙashin gilashin ƙara girman abu: ɓawo nawa, jijiya nawa a jikin ɓawon, da gashi ko babu. Wallahi na so aikin nan. Sai dai ya sa mini girman kai, har na soma ganin duk abin da ba a liƙa a takarda ba hira ce ta tsofaffi. Gwaggo ta lura, ta sa mini suna Akawun Ciyawa.

Sai ga shekarar nan da ruwa ya yi gardama. Ya sauko, aka yi shuka, ya ɗauke. Gero ya ƙone a tsaye. Gonarmu ta wajen Kufena dawa ce kaɗai ta jure, ita ma da saura kafin ta nuna. Rumbu ya yi ƙasa har ana jin ƙarar ƙwarya tana kankarar gindinsa, kasuwa kuma ko kana da abin saye hatsin ne babu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma kunu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun unguwa da hantsi, lokacin da ya kamata a ce turame na amsa wa juna. A ƙarshen damina, da ba a bukatarsa, ruwa ya dawo da ƙarfi ya yi kwana da kwanaki yana zuba. A lokacin 'yata ta fari tana shekara uku. Sunan mahaifiyar su Malam aka sa mata, don haka ba mai kiran sunan a gidan, Uwani ake ce mata. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, in ta yi kuka ma muryar ba ta fita sosai.

Gwaggo ce ta ce a fita neman tumbin jaki. Matan gida suka rabu biyu. Wasu suka bi ta can gefen fadamar Kufena, inda ciyawar take tsaye a kan ɗan tudu, suka yini suka dawo da abin da bai cika ƙwarya biyu ba. Sauran suka zagaya nan bayan gida, bakin kududdufi, inda ta yi yawa har ruwa ya kwantar da ita, suka shaƙe masaki uku ba wahala. Aka shanya, aka murje, aka sheƙe. Ina zaune a tsakar gida da yamma na ga Gwaggo ta jawo masakin farko na bakin kududdufi. Ta ɗebo a tafi, ta murza, ta kai hanci, ta jefa ƙwaya biyu a baki, ta tofar.

"A zubar da wannan," in ji ta. "Namiji ne."

Ta bi sauran biyun, duk ta ce namiji ne, ko kaji kada a ba. Mata suka yi tsuru-tsuru, maiɗakina, Allah ya jiƙanta, har da ƙwalla. Masaki uku a wannan shekara abinci ne na kwanaki.

Na ce, "Gwaggo, ai ciyawar nan ba ta da namiji da mace. Kowane fure nata yana ɗauke da duka biyun."

Ta dube ni ta gefen ido. "Akawu, ni ban ce na ga wandonsa ba. Na ce namiji ne."

Mata suka yi dariya duk da yunwa, ni kuwa dariyar ta ƙona ni. Na ce kada a zubar, a dakata mini zuwa gobe. Na ɗebi kaɗan daga na Kufena, kaɗan daga na kududdufi, na ƙulle daban-daban, na kuma tsinko zangarniyar kowanne.

Washegari na yini a kansu. Na buɗe babban littafin da muke bi, na bi shi tambaya bayan tambaya. Zangarniya mai rassa biyu ko uku, ƙwayoyi a gefe ɗaya na reshe, layi biyu, kowace zagayayya, bayanta a tuɗe cikinta a shafe, ba gashi. Na ƙirga jijiyoyin ɓawo a wannan, na ƙirga a wancan, daidai. Na ciro takardun da magabatana suka liƙa na gwada, daidai. Zuriyarsu Paspalum, kuma ba zuriya kaɗai ba, iri ɗaya ne tak. Na dai ga 'yan ƙwayoyin kududdufi sun ɗan fi duhu, wasu da ɗan danƙo, amma littafi bai tambaye ni wannan ba, ni ma ban tambayi kaina ba. Na hau keke na dawo gida kamar wanda ya ci shari'a.

A zaure na sami Malam, na durƙusa na gaya masa. Ya aika aka kira Gwaggo, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ciki. Na faɗi sunan Latin ɗin da ƙarfi don ta ji.

Ta ce, "Su kira ta fasa-tulu ma in sun ga dama. Inna ta hana mu cin wanda ya kwanta a ruwa."

Malam ya ci gaba da jan carbinsa. Na san abin da yake aunawa, baki kusan talatin a gidansa, da masaki uku. Sannan ya juyo gare ni.

"A littafi ka gani?"

"A littafi, Allah gafarta Malam."

"Da idonka, ba wani ya faɗa maka ba?"

"Da idona."

Ya ce, "To, Yaya, ki yi haƙuri. Mutanen nan ba su rubuta don wasa ba. A surfa."

Ka ga inda muka faɗa. Da gidan manoma ne, da an yi mini dariya an zubar. Amma gidanmu gida ne da in an ce abu yana cikin littafi magana ta ƙare, kuma Malam ya ɗauki littafina ya ba shi darajar nasa. Gwaggo ta juya ta koma cikin gida. Ta dai kwashe ƙwarya biyunta na Kufena ta kai ɗakinta, ta kuma ja maiɗakina gefe ta ce, "Ku manya ku sha abinku. Amma kada ki ba uwata."

Maiɗakina ta ji, ba ta ba ta ba. Abin da kowa ya manta shi ne al'adar Malam. Kullum in an kai masa kunu zaure, ba ya kai ludayi baki sai ya kira Uwani ya ce, "Uwata, zo ki sa mini albarka," ta fara kurɓa sannan ya sha. Ran nan ta kurɓa ta ji daɗi, ga yunwa, shi kuma ya ga uwarsa tana sha da marmari, sai ya bar mata fiye da rabi. Ni a lokacin ina kan keke, ban san ma an dama ba.

Wajen la'asar na dawo. Tun daga bakin lungu na lura ba takalmi ko ɗaya a ƙofar zaure, ba murya. Na shiga na ga littafin Malam a buɗe a kan buzu, tawada ta kife, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Can ƙuryar zaure na hango shi yana dafe da bango yana son miƙewa, ƙafafu sun ƙi. Mutumin da ko warin giya bai sani ba, ga shi yana tangaɗi a zaurensa, rawani ya warware, hannuwa suna karkarwa. Ya buɗe baki zai yi mini magana, harshe ya yi nauyi. Da ƙyar na tsinci abin da yake cewa: "Uwata. Je ka ga uwata."

Ban san yadda na ratsa soron ciki ba. Tsakar gida mutane ne a kwance ko'ina, wannan a bakin murhu, waccan a gindin rijiya, wasu suna amai, wasu suna rawar jiki kamar masu zazzaɓi, wata matar yayana tana ta dariya ita kaɗai idonta a juye. Maƙwabta mata sun shigo sun tsaya cirko-cirko suna salati, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sammu. Gwaggo kaɗai ce a tsaye da hankalinta, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, tana bi da ƙwaryar ruwan tsamiya mai kauri tana ɗura wa kowa. Ta gan ni, ta nuna ɗakinta da haɓa.

Uwani tana kwance a kan tabarmar Gwaggo. Ba ta amai, ba ta kuka. Idonta a rufe rabi, ana ganin fari, 'yan yatsunta suna motsi su kaɗai kamar tana tsintar wani abu. Na kira ta, na girgiza ta, na ɗaga hannunta na saki ya faɗi. Na sa kunne a ƙirjinta, zuciya tana bugawa can nesa. Tsoro iri-iri na gani a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na ranar ba, don wannan ba wanda zan nuna wa yatsa. Ni ne. Da ƙafata na je, da idona na duba, da bakina na ce a surfa.

Na koma kan keke na ɗauko wani ma'aikacin asibiti da muka sani a Gyallesu. Ya duba kowa, ya buɗe idon yarinya, ya tambayi abin da aka ci. Ya ce shi ba shi da allurar wannan, a ci gaba da ba su ruwa, manya za su tashi in sha Allah. Na ce yarinyar fa? Ya tattara jakarsa, ya ce, "A yi ta addu'a."

Manya kuwa suka tashi. Washegari da hantsi maiɗakina ta iya zama, ta rarrafa zuwa ɗakin Gwaggo ta zauna a gefen 'yarta, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Malam ya sa aka riƙo shi aka kawo shi, ya zauna a ƙofar ɗakin yana karatu da muryar da ba ta gama dawowa ba. Ban je aiki ba. Gwaggo tana ɗiga wa yarinya nono da ruwan tsamiya da bakin ludayi, rabi ya shiga rabi ya gangaro ta gefen baki. Kowane numfashi sai na jira na bayansa, in ya yi jinkiri sai in ji nawa ma ya tsaya. Na riƙa tuna inda ake ajiye farin ƙyalle a gidan, ina korar tunanin yana dawowa. Da azahar ta wuce na kasa daurewa, na ce a hankali, "Gwaggo, me ya sa kika ce namiji?"

Ba ta ɗago ba. "Kai da ka yi boko. Namijin goro, mijin goro ne? Namijin kaɗanya fa, ka taɓa ganin an yi man kaɗe da shi? Abin da ya yi kama da abu amma ba ya ciyar da kai, shi ne namiji. Haka na ji ana faɗa, haka na faɗa maka."

Na san wannan. Tun ina yaro na san shi, kowane ɗan birni ya san shi. Amma ranar da ta faɗa a tsakar gida, da kunnen ofis na saurare ta, na ɗauki kalmar Hausa na kai ta ƙarƙashin gilashi ina neman abin da ba ta nufa ba. Shekaru bayan haka na karanta cewa wata irin fumfuna ce ke shiga ƙwayar in ruwa ya dake ta tana nuna ta kwanta a danshi, ita ce ke juya kai. Na kuma gano masu littafin nan da kansu sun taɓa raba ciyawar gida biyu ko uku, suka dawo suka haɗe. Littafi bai yi ƙarya ba, iri ɗaya ce. Tambayar da ya amsa ce ba ita Gwaggo take amsawa ba. Amma duk wannan daga baya ne, a ranar ba abin da na sani sai numfashin yarinya.

Ran kwana na uku, rana ta ɗan ɗaga, ina zaune na haɗa kai da gwiwa, sai na ji maiɗakina ta ja numfashi. Uwani ta buɗe ido. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar baƙi, ta motsa leɓe. Gwaggo ta sunkuya ta kai kunne.

"Me ta ce?" in ji Malam daga bakin ƙofa.

Gwaggo ta ce, "Kunu take so."

Ɗan abin da maƙwabta suka kawo marasa lafiya sun shanye tun jiya, dawa kuwa tana gona ba ta nuna ba. Abin da ya rage a gidan kaf shi ne ƙwarya biyun nan na Kufena a ƙarƙashin gadon Gwaggo. Ta jawo ɗaya, ta buɗe faifai. Na leƙa. Wallahi ba abin da ya raba shi da wancan a idona, ƙwaya ɗaya, launi kusan ɗaya, ni da na ƙirga jijiyoyinsu na fi kowa sanin haka. Ta ɗebo, ta murza, ta sansana, ta tauna, ta haɗiye. Ta fita da kanta ta surfa, ta niƙa, ta dama. Ƙarar taɓaryarta ita kaɗai ake ji a unguwar.

Ta dawo da ƙoƙo yana tururi, ta fifita da ludayi har ya huce. Sannan ta tsaya a kaina.

"Akawu," ta ce, ba da gatse ba, muryarta a gajiye, "'yarka ce. In ba ta, ko sai ka kai an duba?"

Ba ni da littafin da zan buɗe, ba ni da gilashi, ba ni da komai sai hancin tsohuwar da ban yarda da shi ba kwana huɗu da suka wuce. Na ce, "Ba ta, Gwaggo."

Ta tallafo kan yarinya ta kai mata ludayi. Uwani ta sha ɗaya, ta sha biyu, ta kama ludayin da kanta ta shanye, ta koma ta kwanta a cinyar uwarta idonta biyu. Na matso na zauna ina kallon 'yan yatsunta. Aka kira azahar ban tashi ba, sai da Malam ya yi mini magana sau biyu. Na yi salla a nan bakin ƙofa na dawo na ci gaba da kallo har la'asar, har inuwa ta cinye tsakar gida. Yatsunta ba su yi rawa ba. Da Gwaggo ta miƙo mini ragowar kunun ta ce in sha, na kasa riƙe ƙoƙon, sai da ta riƙe mini.